IN INJIN BAN RUWA YA CIJE, KADA A SA MASA ƘARFI

Jawabin malamin gona ga manoman rani na Wurno da Rabah da Goronyo

 

Ruwan sama ya ɗauke, gulbi ya fara komawa cikinsa. Irin albasa yana wurin raino yana jiran dashe, masu tafarnuwa kuma sun fara gyaran fangali. Cikin 'yan makwannin nan kowa zai shiga ɗaki ko zaure ya jawo injin ban ruwansa, wanda ya jingine tun faɗuwar damina. Da yawa daga cikinku za su ja igiya su ji ta ƙi zuwa, sai ka ce an ɗaure ta a turke. Shi ne muke cewa inji ya cije.

A kan wannan zan yi magana yau. In inji ya cije, wuri guda ne ya kama, sauran jikinsa lafiya lau yake. Wanda ya bi a hankali ya nemo wurin, sau da yawa kananzir da haƙuri sun ishe shi. Wanda ya sa ƙarfi tun bai san wurin ba, shi ne yakan karya abin da ba ya da laifi, gyaran kwana 3 ya koma sayen sabon inji. Dashen albasa kuwa, kun fi ni sani, ba ya jiran mutum. In ya yi 'yan kwanaki ba ruwa cikin iskar hunturu, ya tafi ke nan, wahalar raino ta tashi a banza.

DAGA JIGO ZUWA INJI

Iyayenmu da jigo suka yi ban ruwa a bakin Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. An kammala dam na Goronyo a 1984, aka buɗe shi a 1992. Daga 1993 kuma shirin Fadama na farko, wanda aka yi da taimakon Bankin Duniya, ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injuna masu bakin inci 2 da inci 3 a fadamunmu. Jigo in igiyarsa ta tsinke, yaro ma ya san gyara. Inji kuwa sai an koya.

Yawancin injunan da ke hannunku ƙirar Honda ne, irin da ake kira GX, wanda kamfanin ya fara fitarwa a 1983, ko kuwa na ƙasar Sin da aka ƙera bisa fasalinsa. Akwai kuma masu tsofaffin Robin da Yamaha. Duk aikinsu ɗaya ne, saboda haka abin da zan faɗa ya shafi kowa. Har wanda ya mai da nasa na gas bayan da aka cire tallafin fetur a 2023, cikin injinsa bai sake ba. Wanda kuma ya koma ga mai aiki da hasken rana ya jingine na fetur a lungu, to, shi ya fi kowa bukatar ya kasa kunne, domin zama ne babban abin da ke cije inji.

KU SAN SASSAN INJINKU

Abin da muke kira injin ban ruwa abu biyu ne aka haɗa. Akwai injin kansa, mai shan mai. Akwai kuma famfo, mai jan ruwa. Ƙarfe guda ne ya ratsa su duka biyun, shi ya sa in ɗaya ya kama, ɗayan ma ba ya motsi. Ga sassan da ya kamata kowa ya sani da sunansu, don in ka je wurin bakanike ku fahimci juna.

1. Igiya da gidanta. Ita kake ja. A cikin gidan akwai sifirin mai mai da igiya, da 'yan haƙora masu kama inji.

2. Fulawil. Faifan ƙarfe ne mai nauyi da ke bayan gidan igiya. A jikinsa akwai fukafukai masu hura wa inji iska, da maganaɗisu mai ba da wuta.

3. Karanshaf. Shi ne ƙarfen nan da na ce ya ratsa duka. Fulawil yana gefe guda, fankar famfo tana ɗaya gefen. Yana juyawa ne bisa boris 2.

4. Silinda da fistin. Ku ɗauka turmi ne da taɓarya. Silinda ce turmin, fistin ne taɓaryar da ke hawa da sauka a ciki. Fistin na alminiyam ne, bangon silinda kuwa baƙin ƙarfe ne.

5. Ringi. Zobba 3 ne da ke kewaye da fistin, suna manne da bangon silinda don kada iska ta sulale. Su ma ƙarfe ne. Ku riƙe wannan: ƙarfe bisa ƙarfe, in danshi ya shiga, tsatsa ce ke ɗinke su.

6. Konrod. Hannu ne da ya haɗa fistin da karanshaf. A gindinsa akwai ɗan harshe kamar cokali. Duk juyi guda sai ya tsoma cikin baƙin mai ya fantsama shi ko'ina. Waɗannan ƙananan injuna ba su da famfon mai, wannan cokali shi ne kaɗai mai shayar da su.

7. Bawul 2. Ƙofofi ne. Ɗaya na shigar da iska da fetur daga kafireta, ɗaya na fitar da hayaƙi zuwa salansa.

8. Fulogi. Shi ke kyasta wuta. Raminsa kuma shi ne tagarmu ta leƙa cikin silinda ba tare da an kwance inji ba.

9. Fanka da kwanonta. Suna cikin famfo, yawanci na baƙin ƙarfe ne, kuma tsakaninsu ɗan siriri ne ƙwarai. Bayan fanka akwai sil mai hana ruwa bin karanshaf.

CIJEWA IRI BIYU CE

Kafin ka ɗauki sifana, ka tambayi kanka tambaya guda: yaya injin nan yake ranar da ya yi aikinsa na ƙarshe?

In ka kashe shi da hannunka yana lafiya, ka ajiye, yanzu ya ƙi juyawa, to, cijewar zama ce. Tsatsa ce ko datti. Wannan ana iya maganinta a gida.

In kuwa yana cikin aiki ne ya canza murya, ya yi ƙara ko ya yi ta ƙwanƙwasa, sa'an nan ya tsaya cak da zafi, wannan cijewar zafi ce. Mai ne ya ƙare masa, alminiyam ya narke ya manne a jikin ƙarfe. Shi ne kanikawa ke cewa inji ya buga. Ko ka jiƙa shi cikin durom na kananzir shekara guda ba zai saki ba. Wannan sai bakanike.

Gejin mai zai gaya maka gaskiya. Ka zaro shi ka duba. In man ya yi fari-fari kamar an dama fura, ruwa ya shiga. In ka murza shi a yatsa ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ko ka tarar babu man sam, to, ka fara shirin tafiya wurin bakanike. In man yana nan daidai, baƙi ne kawai, ka gode wa Allah ka ci gaba.

A BI DAGA WAJE ZUWA CIKI

Ka sami wuri mai tsabta a inuwa, ka shimfiɗa buhu ko tabarma. Ka sa kwano kusa don tara noti. Ka rufe makunnin fetur, ka juye wanda ke cikin tanki, ka zare wayar fulogi. Ban da shan taba, ban da kusa da murhu. Sa'an nan ka bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tsallake, domin na farko ya fi na biyu sauƙi da arha, haka har zuwa ƙarshe.

Na farko, gidan igiya. Ka kwance 'yan notin da suka riƙe shi, ka cire. Ka ja igiyar a hannu. In ta ƙi, laifin nata ne, injin ba ruwansa. Ka duba bayan murfin fulawil kuma, ɓera yakan yi sheƙa a wurin, zanzaro ma yakan yi gini. Ka kama fulawil da hannu biyu ka juya. In ya juya, magana ta ƙare.

Na biyu, fulogi. Ka share kewayensa don kada ƙasa ta faɗa ciki, ka kwance shi, ka sake gwada juyawa. Wani lokaci za ka ga ruwa ko fetur ko baƙin mai ya yi tsartuwa daga ramin, inji ya saki nan take. Dalili kuwa, iska tana matsuwa, amma ruwa ba ya matsuwa. In ya cika kan fistin, fistin ba shi da wurin hawa. Wannan yakan sami injin da aka ɗauko a kwance bisa babur ko jaki, ko wanda aka bar makunnin fetur ɗinsa a buɗe. Ka dubi bakin fulogin ma. In ya yi ja da tsatsa, cikin silinda haka yake.

Na uku, famfo. A nan ne mutane da yawa ke ɓata. Su yi ta zargin fistin, alhali fanka ce ta kama. Ruwan gulbi yana ɗauke da yashi da laka. In aka ajiye famfo ba a zubar da ruwan cikinsa ba, lakar ta bushe, tsatsa ta haɗe fanka da kwanonta. Wani lokaci ɗan tsakuwa ne ko guntun kara ya maƙale. Ka kwance notin murfin famfo, ka ɗaga shi a hankali don kada robar bakin ta tsinke. Ka cire kwanon, ka kankare tsatsa da laka, ka wanke. Sa'an nan ka juya fulawil. In ya juya, injinka bai taɓa cijewa ba tun farko.

Na huɗu, bawul. A injin GX da 'yan'uwansa, akwai ɗan murfi mai noti 4 a kan silinda. Ka buɗe, ka danna kowane sifirin da babban yatsa. Ya kamata ya sauka ya dawo. Wanda ya ƙi motsi, ka ɗiga masa kananzir a wuya, ka bar shi ya jiƙa, ka riƙa dannawa kaɗan-kaɗan. In ka tilasta inji ya juya bawul yana maƙale, sandar da ke tura shi za ta lanƙwashe. A tsohon Robin bawul ɗin suna gefen silinda ne, ta ɗan murfin gefe ake ganinsu.

In duk waɗannan 4 lafiya suke, inji kuma bai juya ba, sai mu ce ringi ne suka kama bango. Yanzu aikin haƙuri ya zo.

YADDA ZA A JIƘA FISTIN

Ka haɗa kananzir da sabon baƙin mai, rabi da rabi. In babu kananzir, man dizal ya yi. Silindar waɗannan injuna a kishingiɗe take, saboda haka ka tokare injin da itace har ramin fulogi ya dubi sama. In ba haka ba, man zai taru a gefe guda, ɗaya gefen ya zauna a bushe. Ka zuba kamar cokalin cin abinci 3 ko 4 ta ramin fulogi, ka toshe da tsumma mai tsabta.

Ka ajiye shi inda rana za ta buge shi. Zafin rana da sanyin dare suna sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke, man ya sami hanyar ratsa tsatsa. Amma ban da hura masa wuta, ban da gawayi.

Kowace safiya da maraice ka zo ka kama fulawil, ka girgiza shi gaba da baya. Ba juyawa za ka yi ba, lallashi ne. In hannu bai isa ba, ka sa sifana a kan babban notin fulawil, ka yi da ƙarfin hannu ɗaya. Ka leƙa ramin. In ka ga man ya ragu, albishirinka, ya fara bi ta gefen ringi yana sauka. Ka ƙara wani.

Ran da ka ji ya motsa ko da kaurin ƙwayar gero ne, kada murna ta sa ka murɗe shi gaba ɗaya. Ka mai da shi baya, ka kawo shi gaba, kowane zuwa yana ɗan ƙaruwa, kana ƙara mai, har ya kewaya da kansa. Wani inji kwana 2 ya ishe shi, wani sai ya yi mako guda. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Ga abubuwan da ba a yi, jama'a, ko da wa ya ba ku shawara:

Kada a zura bututu a ƙotar sifana don ƙarin ƙarfi. Ɗan makullin da ya riƙe fulawil zai yanke, ko konrod ya lanƙwashe, ko ringi su karye su kafta wa silinda zane.

Kada a sa ƙarfe tsakanin fukafukan fulawil a yi banƙara. Suna ɓallewa, inji kuma ya rasa mai hura masa iska.

Kada a zura ƙusa ko rodi ta ramin fulogi a buga. Kan fistin ba shi da kauri, hujewa zai yi.

Kada samari biyu su taru su fizgi igiya. Igiyar da haƙoranta ne za su tafi.

In mako ya cika bai motsa ba, sai a cire kan silinda a ga fistin ido da ido. Wanda bai taɓa yi ba, ya kai wa wanda ya iya. Mai yi kuma ya share tsatsar da ke fili, ya ɗora guntun itace mai faɗin fistin, ya riƙa bugawa sannu-sannu. Amma a lura da inda fistin ya tsaya. In yana can ƙoli ko can ƙasa, konrod a miƙe yake, bugun ba zai juya kome ba, boris da konrod ne za su sha shi. Sai fistin yana tsakiyar hanya bugu ke da amfani. In an tashi mayarwa kuma a sa sabon gasket.

BAYAN YA SAKI

Kada ka yi gaggawar tayar da shi. Kananzir ɗin nan da ka zuba ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, tsatsar da ta kankaru ma tana ciki. Ka juye man duka, ka zuba sabo. Injin GX160, watau mai ƙarfin doki 5 da rabi, yana cin kamar lita 0.6, ɗan fiye da rabin lita ke nan. Ka aza shi a wuri mai daidai, ka zuba har ya kawo bakin ramin geji.

Ka rufa tsumma a ramin fulogi, ka ja igiya kamar sau 10 don sauran man ya fita. Ka kwance ƙoƙon da ke ƙarƙashin kafireta ka wanke, domin tsohon fetur yakan bar danƙo mai toshe hanya. Ka wanke soson iska. Ka goge fulogi ko ka sa sabo.

Kafin ka tayar, lalle ka cika famfo da ruwa. Sil ɗin nan na bayan fanka ruwa ne ke sanyaya shi, in ya yi gudu a bushe yana ƙonewa cikin ɗan lokaci. Ka tayar a fili, ba cikin ɗaki ba, don hayaƙin inji yana kisa ba a ji warinsa ba. Ka bar shi yana tafiya a hankali kamar minti 15. Zai yi hayaƙi da fari, wannan ba kome, man jiƙo ne ke ƙonewa. Bayan ya yi aikin yini guda, ka sake juye mai. Tsohon man kuma kada a zubar a gulbi ko a fangali.

In bayan kwana 2 yana ta shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai, ko ba shi da ƙarfin tura ruwa, ringi sun gaji ko bango ya ci. In kana jin ƙwanƙwasa daga ciki, ka kashe nan da nan. Duka biyun aikin bakanike ne. Ka tafi masa da lambar injin, tana nan a buge a jikinsa, don a sayo kayan da suka dace. Kayan waɗannan injuna suna kama da juna a ido, amma awonsu ya bambanta. Ka kuma ce a nuna maka tsohon abin da aka cire.

INJIN DA RUWA YA CI

Mutanen wannan yanki ba su manta da ambaliyar watan Satumba na 2010 ba, lokacin da Gulbin Rima ya cinye gonaki da ƙauyuka. Ko ba irin wannan babba ba, gulbi yakan tashi dare ɗaya in an saki ruwa daga dam. Injin da ya nutse, kada a gwada tayar da shi, kada kuma a ce sai an huce. Ran da aka tsamo shi, ran nan za a cire fulogi, a juye mai da fetur, a fitar da ruwan silinda, a zuba mata mai, a juya. Muddin yana cikin ruwa tsatsa ba ta sauri. Da ya fito ya sha iska take kama aiki.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Lokacin aiki:

1. A duba gejin mai kowace safiya kafin a ja igiya. Yaron da aka bar wa ban ruwa ma a koya masa.

2. A aza inji a wuri mai daidai. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, don bakin gulbi gangare ne. In inji ya karkace, mai ya taru gefe guda, cokalin nan na konrod ya riƙa dukan iska. Ga mai a ciki, ga inji ya buga. A sare ƙasa a daidaita, ko a sa katako.

3. A juye mai bayan awa 20 na farko a sabon inji, daga nan kuma duk awa 100. Mai ban ruwa awa 5 kullum, kwana 20 ke nan. Cikin ƙurar hunturu gara a rage.

4. A ɗaura rariya a bakin mesa, kada kuma a bar ta kwance cikin yashi.

Lokacin ajiya, in an gama rani:

1. A ja ruwa mai tsabta a wanke famfo, a kwance notin ƙasa a zubar da ruwan duka.

2. A juye fetur na tanki da na kafireta.

3. A juye tsohon mai tun inji yana da ɗumi, a zuba sabo.

4. A cire fulogi, a zuba cokalin shayi 1 ko 2 na baƙin mai, a ja igiya sau 3 ko 4, a mayar da fulogi.

5. A ja igiya sannu har a ji ta yi tauri, a tsaya nan. A daidai wurin bawul duka 2 a rufe suke, danshin damina ba shi da ƙofar shiga.

6. A ɗora shi bisa katako inda ɗaki ba ya yoyo, a rufe da buhu. Kowane wata a ja igiyar sau 2 ko 3, a sake tsayar da ita wurin tauri.

Duk wannan aiki bai kai awa guda ba, man da zai ci kuma bai kai kuɗin ringi ba, balle na karanshaf.

To, jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa in ya koma gida yau, ya jawo injinsa ya ja igiya, tun dashe yana da sauran kwanaki. In ya juya, alhamdu lillahi. In ya ƙi, ga lokacin jiƙo a hannu, ga layin bakanike bai yi tsawo ba tukuna. Wanda ya iya kuma ya taimaki maƙwabcinsa. Mai sauran tambaya ya sami malamin gona na yankinsa, ko ya tsaya mu duba tare bayan an tashi.

Allah ya ba mu rani mai albarka, ya tsare mu daga asara, ya sa mu sayar da daraja.